Yini Guda a Kasuwar Kurmi

 Yau labarin tafiya na kawo muku, tafiyar da na yi daga Zariya zuwa Kano cikin hutun makaranta, don neman kwalla guda ɗaya tak. Na san wata za ta ce, "Kwalla kuma? A wannan zamani na roba da akwati mai taya?" To, ku yi haƙuri ku ji dalili tukuna.

Kakata, wadda ta haifi uwata, tana da kwalla biyu a ƙuryar ɗakinta, babba da ƙarama. Farare ne masu jan baki, da zanen jan fure da koren ganye a jiki da kuma bisa murfi. Da su aka kai ta ɗakin miji a 1960, shekarar da aka sami mulkin kai. Amma fa da can uku ne, wata bisa wata, ko wacce ta ɗara 'yar'uwarta kaɗan. Ta tsakiyar ta tafi a 1973, shekarar babban farin nan, aka sayar aka sayi gero. Tun ina yarinya in na shiga ɗakin sai in ga ƙaramar zaune bisa babbar, ba su dace ba, kamar baki mai giɓi. Na yi wa kaina alkawari, ran da na fara cin albashi sai na cike giɓin nan.

Kafin mu kama hanya bari in tona wa kaina asiri, don kada ku zaci ni wata mai tsimi ce tun asali. Ina da ciwon tara gwangwani. Ba na madara ko na tumatir nake nufi ba, irin masu zanen nan ne, na biskit da alewa da shayi da hoda, waɗanda iyayenmu kan zuba zare da allura da maɓalli a ciki in abin ciki ya ƙare. Tun ina makarantar horon malamai na soma, ga shi yanzu ina da goma sha bakwai jere bisa kanta. Ba su ci, ba su sha, amma sun taɓa cinye mini kuɗin mota na mako guda cur. Wani na gani mai hoton dawaki a hannun dillaliya, na saya ban yi lissafi ba. Sai ga Malama tana zuwa makaranta a ƙasa cikin hunturu, ƙura har gira, yara suna tambaya ko lafiya.

Saboda haka da kwasar adashi ta zo kaina, sai na zauna na yi shawara da zuciyata. Mu goma ne muke zubi ko wane wata, watau in ka kwasa yau, sai bayan wata goma ka sāke gani. Kuɗin kuwa tuni an san inda za su: keken ɗinki nake so in saya, don albashin malamar firamare, kun dai sani, ba ya kai ƙarshen wata sai da ciko. Na raba su kashi goma. Bakwai na danƙa wa Inna, na keke ne. Ɗaya na mota da tsaraba. Biyu na ƙulle a hankici, su ne na kasuwa. Katin banki na tura shi ƙarƙashin matashi na bar shi nan. Dalili kuwa, kuɗin da ke hannu in kina miƙa su kina jin zafin fitarsu, na kati da na waya kuwa sai sun tafi sa'an nan ki ji labari.

Muka tashi da sassafe. Muka wuce Tashar Yari da Kwanar Dangora, daga nan ƙasa ta buɗe. A Kadawa ga gonaki kore shar ko da yake rani ne, albarkacin ruwan madatsar Tiga da aka gama a 1974. Da muka iso Kura na leƙa ta taga ina neman marina, ban ga kome ba sai buhunan shinkafa da injin casa. Yau da shinkafa aka san Kura, amma sunanta da rini ya fara fita. A nan ake yin turkuɗi da rawanin nan ɗan Kura, baƙi mai walƙiya don tsananin bugu, wanda Buzaye ke saye su kai Agadas har gaba. Wata mata da ke kusa da ni ta ce har yanzu akwai masu yi a cikin gari, sai dai ba a bakin titi ba.

A Kano wajen Gwaggona na sauka, yayar mahaifina, cikin birni kusa da Ƙofar Mata. Ta yi shekara wajen talatin tana haɗa wa 'ya'yan mutane kayan ɗaki, ba rumfar da ba ta sani ba. Ta kwance hankicina ta ƙirga, ta dube ni, ta yi dariya.

Ta ce, "Da wannan za ki shiga Kurmi, 'yar nan? To, ki bar bakinki a gida, ki tafi da idonki. In kin ga abin da kike so kada ki dube shi sau biyu. Ki taka mini ƙafa kawai."

Na ce, "To, Gwaggo."

Muka bi ta marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce tun 1498 take nan. Rijiyoyin rini da yawa sun bushe an bar su, amma akwai waɗanda ke aiki, dattawa na zaune suna tsoma zane suna ɗagawa. Baba da toka da katsi ke nan kayan haɗinsu. Abin da ya ba ni mamaki, zanen yakan fito daga ruwan da ɗan kore-kore, sai ya sha iska sa'an nan ya juye shuɗi a kan idonki. Gefe guda kuma ana jin ƙarar masu bugu. Ban tsaya ba, don Gwaggo ta riga ta yi gaba.

Kasuwar Kurmi dai Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, a bakin rafin Jakara inda da kurmi ne sosai. Nan fataken Tarabulus da Gadamas ke sauke alharini da takarda da turare, na Borno su kawo kanwa, na Gwanja su kawo goro, su kuma ɗauki zane da fata. An sayar da mutane ma a nan, bayi, wannan kuwa yana cikin tarihinta, ba a ɓoye shi. Wani Bature mai yawon duniya, Clapperton, ya zo a 1824, abin da ya fi ba shi sha'awa kuwa shi ne amanar dillalai. Ya ce a cikin ko wane ƙunshin riga ko turkuɗi akan rubuta sunan dillalin da ya sayar, har in an kai Borno aka kwance aka tarar da aibu, sai a komo da shi a mai da wa mutum kuɗinsa. Ku duba fa, shekara 200 ke nan da suka wuce. Ni kuwa bara na sayi atamfa ta zuba a wankin fari, da na mayar sai mai kanti ya ce bai taɓa ganina ba.

Yanzu manyan ciniki sun bar Kurmi. Mai son atamfa da leshi Kantin Kwari za ta, mai son gwanjo da robobi Ƙofar Wambai, sauran tarkace kuma Sabon Gari. Abin da ya rage a Kurmi shi ne kayan da, da masu sana'ar hannu. Lunguna ne ƙanana, wani wurin in kun haɗu da mai kaya a ka sai ɗaya ya raɓe. Ki tattara bakin zanenki kuwa, don akwai kwata. Hanci ne ke fara gaya miki inda kike: nan warin jima, dukawa ke nan da jakunkuna da tandu da titimi, gaba kaɗan ƙamshin turaren wuta da kajiji, sa'an nan kimba da kanumfari da masoro. Ga masu kayan doki da sirdi da linzami da likkafa, ga masu littattafan addini, ga ƙore da ludaya da faya-fayai an tsiba kamar ba za su ƙare ba. In ba da Gwaggo ba, labudda da na ɓata tun kwana ta uku.

Rumfar zane muka fara zama. Kun dai ga yadda tufafin da suka komo yayi. Ba bikin da za a yi yanzu ba a sa ranar kamu ko ranar ƙauyawa amarya ta fito da saƙi ba, ran 26 ga Agusta kuma, da ake bikin Ranar Hausa ta Duniya, kowa sai ya nemi abin kakarsa ya ɗauki hoto. Ni abin yana yi mini kyau ƙwarai. Sai dai yayi shi ke hau da kuɗin kaya, shi ke kuma kawo jabu. Mai rumfar, wani tsoho mai farin gemu, ya zaro mana uku ya shimfiɗa. Ga saƙi, shuɗi da fari ƙanana-ƙanana kamar jikin zabo. Ga tsamiya, mai launin ƙasa-ƙasa, wadda ake kaɗa zarenta daga saƙar wata tsutsa da ke zama a itatuwan daji. Ga kuma barage mai jan ratsin alharini, irin wanda da ake ƙetaro Sahara da shi.

Gwaggo ba ta dubi fuskar zanen ba ma, bayansa ta juya. Ta nuna mini da farce inda aka haɗa ƙwarya da ƙwarya. Masaƙa maza siririn ƙyalle suke saƙawa, faɗinsa bai fi tafin hannu ba, sa'an nan a ɗinke su gefe da gefe har su zama zane. Saboda haka na gaske yana da ɗinki layi-layi a baya, zaren kuma ba ya zama daidai wa daida, wani wuri kauri wani wuri siriri. Na inji kuwa, wanda aka buga wa zanen saƙi a bisa, shimfiɗa guda ne sumul, bayansa ya fi gabansa haske. Ta murza gefen shuɗin da ɗan yatsa, yatsan ya yi shuɗi, ta sunsuna ta ce baba ne. Na taka mata ƙafa. Ta taya, tsoho ya ce albarka. Kuɗin da ya faɗa sun haura abin da ke cikin hankicina gaba ɗaya, ga shi ko kwalla ba mu gani ba.

Muna fita Gwaggo ta ce, "Mu da irin wannan muka ga iyayenmu suna daka, yau ga shi sai mai hali." Can kuma ta juyo ta ce, "Wai ke da kike ta zancen kwallar kakarki, kin taɓa tambayarta abin da ke ciki?"

Na yi shiru. Wallahi ban taɓa ba. Shekara ashirin da 'yan kai ina kallon furen jikin kwalla, ban taɓa tunanin ɗaga murfin ba.

Wajen masu duwatsun wuya da azurfa na ɗan yi abin kai, ku bar ni in yi fahari kaɗan. Ga tsakiya, ga murjani, ga munduwa da warwaro tsofaffi. Wani saurayi ya miƙo mini liyari an yi masa kunne don a rataya a wuya, ya nuna mini lambar da ke jiki, 1780, ya ce ya fi shekara 240, don haka kuɗinsa daban ne. To, wannan kam mun karanta shi. Matar da ke jikin kuɗin Mariya Tereza ce, sarauniyar Ostiriya, a 1780 ta rasu. Da 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da na Afirka suka saba da kuɗin, ba su yarda da wani iri ba, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar ba a canja ba, har zamaninmu. Watau wanda aka buga a 1780 da wanda aka buga a 1950 duk lamba ɗaya ke jikinsu. Maƙeran farfaru na ƙasar Hausa sun narka da yawa sun yi zobba da mundaye. In za ki saya, ki sa a auna miki, nauyinsa giram 28 ne, ki biya kuɗin azurfa da aikin hannu, kada ki biya kuɗin shekaru. Da na faɗi haka sai saurayin ya yi murmushi ya ce, "Ashe Malama ce." Gwaggo ta harare ni don na karya dokar baki, amma na ga tana ƙunshe dariya.

Sa'an nan muka faɗa inda nake tsoro. Wata 'yar rumfa ce mai duhu ta mai sayar da kayan da: fitilun aci-bal-bal, dutsen guga na gawayi, tsofaffin kuɗi masu huda a tsakiya, anini da ɗari da kwabo, waɗanda aka yi ta kashewa kafin naira ta zo a 1973. A kanta ta sama kuwa gwangwanaye ne jere, sun fi talatin. Gabana ya faɗi.

Ku san cewa gwangwanin nan falle ne na baƙin ƙarfe aka shafe shi da kuza don kada ya yi tsatsa. Turawan Ingila sun gano dabarar buga hoto mai launi a jikinsa tun wajen 1870, masu biskit da alewa kuwa suka ga ai mutum yakan sayi kaya don son mazubinsa. Wani kamfanin biskit da ake kira Huntley & Palmers, a garin Reading, ya yi suna ƙwarai a kan wannan, gwangwanayensa sun zaga duniya, har ya daina gasa biskit a garin a 1976. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kantunan Turawa suka biyo shi, irin waɗannan kaya suka fara shiga gidajen ma'aikata da attajirai, daga nan gwangwanin wofi ya gangara ɗakin mata. Nakan yi tunani, kuzar da talakawa suka haƙa a Jos aka yi ta lodi zuwa Ingila, wa ya sani ko wata ita ce ta komo mana da hoton fure a jiki, muka sāke biya?

Akwai wani a tsakiyar jerin, ja da ruwan zinariya, da hoton Sarauniyar Ingila Elizabeth tana yarinya, na bikin naɗinta a 1953, shekara uku kafin ta zo Kaduna da Kano a 1956. Ko ƙwarzane babu. Ban taka wa Gwaggo ƙafa ba, tsalle kaɗai ne ban yi ba, mai rumfa kuwa ya gani. Ya ce masu shirya fim da masu ƙawata wurin biki suna nemansa, amma don ni zai rage. Ragin nasa shi ne rabin hankicina.

Tun makon nan da na yi ina tafiya a ƙasa na kafa wa kaina doka guda: gwangwanin da ba shi da aikin yi ba ya shiga ɗakina. Na tsaya ina tambayar kaina, me zan zuba a cikin Sarauniya? Maɓalli suna da nasu, zare yana da nasa, takardun albashi ma suna da nasu. Na rasa. Na mai da ita kanta da hannu biyu. A ƙasa cikin kwando na tsinci wani ƙarami na ganyen shayi, baƙi da furanni rawaya, gefe ɗaya ya ɗan lotsa, amma murfinsa yana kamawa gam. Wannan ya dace da allurai da ƙananan kayan keke. Gwaggo ta saye mini shi da kuɗin da bai fi na kwanon abinci biyu ba.

Ga mai sha'awar irin wannan tari, ki buɗe ki dubi ciki da gindi, nan tsatsa ke farawa. Ki ɗaga shi wajen haske ki ga ko akwai huda. In kin kai gida kada ki jiƙa shi a ruwa, kada kuma ki sa masa soson ƙarfe, zanen zai tafi. Busasshen tsumma ya isa, da ɗigon mai kaɗan a bakin murfi. Ki nisanta shi da rana don tana cin launi, da damina kuma ki riƙa dubawa.

Sai bayan azahar muka isa wajen masu kwanuka. A gaba duk sababbi ne, kuloli da tangaran da tukwanen zamani. Gwaggo ta gaisa da wani dattijo, suka taɓa barkwanci, ta ce masa tsohuwar ajiya muke so. Ya sa yaro ya buɗe wani ɗaki a baya. Kai! Sai na ga kamar an tattara ɗakunan kakanninmu duka an zuba a wuri guda. Langa, fanteka, kumbo, daro, samira, kwalla, an kifa wata cikin wata har rufi, ƙura ta lulluɓe su.

Yaran yanzu suna ganin jere ado ne kawai, har suna yi wa tsofaffi dariya wai sun cika ɗaki da kwanon da ba a ci a ciki. Ba su gane ba. Da ƙore ake jere, sa'an nan tasoshin tagulla irin na Bida, sa'an nan waɗannan kwanuka masu fenti suka zo suka kori duka. Mace ba ta da littafin banki a lokacin, ba ta da takardar fili. Ribar ƙuli-ƙuli da ta fura da ta kaɗi, in ta taru, kwano take zama. Kwano ba ya mutuwa kamar akuya, gara ba ta cinsa kamar zane, maigida kuma ba ya iya cewa a ba shi aro ya kashe kamar tsabar kuɗi. In 'ya ta isa aure a ɗebo a yi mata jere, in wuya ta zo a zare guda a ba dillaliya. Bangon ɗakin mace shi ne asusunta, kowa ya shigo kuma ya ga iyakar ƙoƙarinta.

Abin da muke kira fenti a jikinsu garin gilas ne aka shafa wa ƙarfe aka gasa da wuta mai tsanani har ya narke ya kama. Shi ya sa in ya faɗi yake ɓantarewa, tsatsa ta shiga ta wurin. Ku kuma lura, jan launi da rawaya na tsofaffin kwanuka wani lokaci akwai dalma a ciki, saboda haka wanda ya tsufa ya ɓantare a ajiye shi don zane ko ado, kada a zuba wa yara abinci a ciki. In kin kifa za ki ga hatimin ƙasar da aka yi shi. Da yawa daga Hankon suke, waɗansu a nan Nijeriya aka yi su bayan an kafa masana'antu, amma tsofaffi sun fi yabon na Cekosulobakiya, wai ya fi nauyi da jimiri. Ƙasar nan ma ta rabu biyu tun 1993, don haka duk kwanon da ke ɗauke da sunanta ya girme ni.

Na ɗauko hoton kwallayen Kaka a waya na nuna wa yaron, da igiyar da na auno faɗin gindin ƙaramar da na murfin babbar. Ya hau ya sauko, ya hau ya sauko. A karo na huɗu ya sauko da ita. Fara, jan baki, jan fure, koren ganye. Na ɗora igiya, ta zauna daidai. Gwaggo ta ƙwanƙwasa ta da zobe, ta yi ƙara garau ba dushewa. Ta ɗaga wajen haske, ba huda. Ta juya murfin, nata ne, ba aro aka yi mata ba. Na so a ce ta sami aibu ko ɗaya, da abin ya zo mini da sauƙi. Ba ta samu ba.

Gwaggo ta ce, "Alhaji, nawa za ka ba 'yarka?"

Ya faɗi kuɗi, rabin adashina cif. Gwaggo ta riƙe baki ta ce ashe ba ya son zumunci. Ta taya, ya ce albarka. Ta ƙara, ya ce albarka. Aka yi ta ja har aka tsaya a kashi huɗu cikin goman nan nawa, ya rantse ko ƙwandala ba zai rage ba, don irinta ba ta sāke shigowa. Na kuwa yarda da shi. A hankicina saura ƙasa da kashi biyu.

Ya dube ni ya ce, "'Yata, ai ba sai da tsaba ba. Ki sa a turo daga gida, ga lambar asusu nan a bango."

Nan fa ake yin ta. Kira ɗaya zan yi wa Inna, cikin minti biyar kuɗin keke sun iso Kano. Na dubi Gwaggo ko za ta ce wani abu, sai ta kau da kai tana gyara mayafi. Daga baya ta ce mini da gangan ta yi, wai kuɗin da ba ita ta sha alli ta samo ba, ba ta da bakin magana a kansu.

Na ce a ba ni dama in sha iska. Na fita na zauna bisa wani benci kusa da mai sayar da zoɓo, na yi lissafi a bayan takardar mota kamar yadda nake koya wa 'yan aji huɗu. In na sayi kwalla, abin da ya rage ba zai sayi keke ba, ko na hannu. Sai wata kwasar, bayan wata goma, in ma kuɗin keke bai hau ba kafin nan, alhali kuwa ba abin da ke sauka. Wata goma ba ɗinkin salla, ba na 'yan makaranta. Na kuma tuna abin da ya fitar da ta farin daga ɗakin Kaka. Ita ta ba da kwalla ta karɓi abin da zai riƙe gida, ni kuma ga ni zan ba da abin da zai riƙe ni in karɓi kwalla.

Na koma na ce, "Baba, na gode. Allah ya kawo mai rabo."

Ya ce, "Amin, 'yata. Allah ya sa ke ce."

Ba zan ɓoye muku ba, a cikin adaidaita sai da na share hawaye da bakin gyale. Gwaggo ta yi kamar ba ta gani ba, ta tsai da mai tuƙi ta sayo mini gurasa da alkaki na tsaraba.

Washegari da na komo Zariya na wuce ɗakin Kaka kai tsaye, na zauna na ba ta labari tun daga Kura har bencin mai zoɓo. Ina jiran ta yi baƙin ciki. Ta gama tauna goronta, sa'an nan ta ce, "Ta tsakiyar? Ai yoyo take. Gindinta ya fara cin tsatsa, shi ya sa na zaɓe ta na ba dillaliya. Geron kuwa ya kai mu har saukar ruwa."

Na ce, "Kaka, me ke cikin babbar?"

Ta ce, "Sai yau kika ga damar tambaya?"

Ta sa na sauke ƙaramar na ɗaga murfi. Ƙamshin kajiji da tsohon turare ya bugo ni. A sama atamfofi ne 'yan Kaduna, na zamanin da masaƙun garin ke aiki, tun daga ta farko da aka buɗe a 1957, launinsu bai gushe ba. A ƙarƙashinsu akwai rigarta ta amarci mai faɗin wuya da guntun hannu, irin ɗinkin da 'yan mata ke kai wa tela hotonsa yanzu. A can gindi, naɗe cikin farin ƙyalle, ga saƙi, ya fi wanda na gani a Kurmi duhu da laushi. Na juya bayansa na ƙirga ƙwarya goma sha shida. Ta ce na uwarta ne.

Ta ce, "Aro na ba ki, ba kyauta ba. In an gama biki ki kawo mini abina. Rigar kuma ki auna ki yanka taki, kada ki sa wa tawa almakashi."

Tana cikin magana idonta ya faɗa kan ɗan gwangwanin shayin da ke cinyata. Ta karɓa, ta buɗe ta rufe, ta buɗe ta rufe, ta ji yadda murfin ke kamawa. Sai ta kwance goronta daga ganye ta zuba a ciki, ta tura ƙarƙashin filo.

Keken na saya ran kasuwar da ta biyo, na hannu ne amma kansa lafiya lau, har da ɗan canji ya ragu na zare. Alluran suna cikin wata takarda har yanzu, don ban sami fuskar tambayar Kaka gwangwanina ba.